Sansar da Ta Ƙi Kwancewa

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ta yi wa Auta a ƙarƙashin motarsa, kwance a kan kwalin firji, garin tsatsa na zubo masa a ido. Shekarunsa hamsin da takwas, furfura ta cinye masa gemu, amma tun ranar da uwarsu ta rufe haihuwa a kansa ake ce masa Auta, sunan kuma ya ƙi sakinsa. Motar akori-kura ce fara, ko a ce a da can fara ce, shekararta ashirin da shida a kan titi. Bulo, katako, siminti, kayan masu tashi daga gidan haya, babu abin da bayanta bai ɗauka ba. Da ita ya ciyar da gidansa har tagwayensa suka gama makaranta.

Mako biyu da suka wuce ya kai ta ofishin duba lafiyar motoci, kamar yadda yake yi duk shekara. Aka zura mata wani bututu a salansa, na'ura ta yi ƙara, ma'aikaciyar ta leƙa ta ga wutar gargaɗi ruwan ɗorawa tana ci a gaban sitiyari, ta girgiza kai. Hayaƙi ya wuce ƙa'ida. Ta ba shi takarda: kwana goma sha huɗu ya gyaro ta. In ƙarfe huɗu na ranar ƙarshe ta buga bai dawo ya ci gwajin ba, za a cire lambarta. Motar da ta haura shekara ashirin kuwa, in aka cire mata lamba, ba a sake yi mata rajista. Daga nan sai 'yan gwangwan su zo da awonsu.

Yau ce ranar ta goma sha huɗu.

Mai Kwamfuta, makaniken da yake kai wa mota yanzu, shi ya gano ciwon tun ranar farko. Ya ce sansa ce ta mutu, wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa da ake murɗawa a jikin bututun salansa, yana shinshinar hayaƙi yana gaya wa inji yawan man da zai sha. In ta mutu sai injin ya yi ta kwankwaɗar mai a makance. Aka aika a kawo sabuwa, ta yi ta jan ƙafa a hanya, sai jiya da yamma ta iso. Yau da sassafe Mai Kwamfuta ya shiga ƙarƙashin motar, ya sa sifana ya ja sau biyu, ya fito yana kakkaɓe gwiwa.

"Baba, wannan ta zama ɗaya da salansar. In na matsa ta karye, ni za ka riƙe. Ba ni kwana uku in nemo maka bututun sukutum."

"Kwana uku? Ai ko awa goma ba ni da ita."

"To ni dai ba hannuna."

Shi ya sa Auta ya kwaso motarsa ya dawo ƙofar gida, ya ɗaga ta da jak, ya tare ta da bulo, ya shige. Ya tsiyaya wa sansar man birki har yana gangaro masa ta hammata. Ya ƙwanƙwasa gefenta da guduma. Ya sa sifana mai lamba ashirin da biyu ya ja, sifanar ta zame, bayan yatsunsa suka daki ƙarfe, fata ta tafi. Ya tsotse jinin ya tofar. Sai ya ɗauki filaya ya datse wayar tsohuwar sansar don bokis sifana, mai rufe kan noti gaba ɗaya, ta samu shiga. Yana jin ƙas ɗin wayar gabansa ya faɗi, don yanzu ko ya so mayar da abin yadda yake, babu hali.

Ya zura wa hannun sifanar dogon fayif, ya dafa ƙafa a jikin taya, ya ja da duk ƙarfin da Allah Ya bar masa. Abu ya motsa. Zuciyarsa ta yi tsalle. Ya haska da wayarsa, sai ya ga sansar tana nan daram, kusurwoyinta ne suka gurje, kanta ya koma kamar ƙwallo.

"Ta fita?"

Uwar Biyu ce, matarsa. Ƙafafunta kawai yake gani cikin silifa, da gindin kofin shayin da ta kawo tun ƙarfe tara, ya huce bai taɓa ba.

"Saura kaɗan."

"Tun ɗazu saura kaɗan. Malam, ka fito ka je wurin Yaya."

"Ki shiga gida."

"Ba zan shiga ba. Girman kai rawanin tsiya ne. Motar nan in ta tafi, me za ka tuƙa, baro? Wa zai ɗauki tsoho mai ciwon baya aikin direba?"

Yayansa shekara arba'in yana makanikanci, kuma tun ranar da aka sayi akori-kurar nan babu hannun da ya taɓa cikinta sai nasa. Shekara uku da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja. Duk da haka kullum sai ya fito garejinsa ya zauna, yana nuna wa masu mota abin yi da sanda. Auta kuwa ya zame jiki ya koma wurin Mai Kwamfuta, ko sallama babu. Wata rana a bencin mai shayi wani ya tambaye shi dalili, shi kuma baki ya fi shi sauri, ya ce, "Ni mota nake gyarawa, ba zumunci ba. Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka." Aka yi dariya. Magana zarar bunu ce, kafin yamma ta isa kunnen Yaya. Tun daga ranar, in sun haɗu a gidan wani ɗan'uwa, sai gaisuwar baki ɗaya, kowa ya kalli gabansa.

Auta ya sake gwadawa. Ya tayar da inji ya bar bututun ya yi zafi, wai ko zafi ya saki tsatsar. Ya kama gurjajjen kan da babbar filaya, ya matse har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Filayar ta ɓalle, damtsensa ya manne da salansa. Ya yi ƙara irin wadda bai taɓa yi a gaban matarsa ba. Ya kwanta yana kallon cikin motar, baƙin ƙarfe da laka ta shekara da shekaru, yana jin ƙaurin fatarsa. Ya duba waya. Sha biyu da minti arba'in.

Da ya fito, Uwar Biyu na tsaye a wurin. Hularsa kawai ta miƙa masa, da kwalin sabuwar sansar.

Garejin Yaya rumfar kwano ce a ƙofar gidansa. Ramin duba mota an rufe shi da katakai, kaji sun mayar da wurin nasu. Yaya na zaune a kan tsohuwar kujerar mota da aka ɗora a kan bulo, rediyo a gefensa, mataccen hannun kwance a cinyarsa kamar wani ya ba shi ajiya. Bai ɗago ba har Auta ya kashe mota, ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, ina wuni."

"Tun daga kwanar can na ji ta tana tari. Mai take sha kamar raƙumi. Wa ya yi mata haka?"

"Yaya, na zo ne..."

"Na ga ka zo. Mota ka zo gyarawa ko zumunci?"

Auta ya sunkuyar da kai. Gumi na ɗiga daga hancinsa a kan ƙasa. Can ya zaro takardar ofishin ya ajiye a kan gwiwar Yaya, ya ce, "Ƙarfe huɗu za su cire mata lamba. Ba ni da kowa, ba ni da komai sai ita. Abin da na faɗa na faɗa, ban da bakin kare kaina. In za ka zage ni ka zage ni gobe, zan zo da kaina in zauna. Yau ka taimake ni."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙunar da ke damtsen ƙanensa. Sannan ya kashe rediyo.

"Mene ne ya ƙi?"

"Sansa. Tsatsa ta cinye ta. Na sa man birki, na sa zafi, na sa fayif."

"Wacce? Ta kusa da inji ko ta baya?"

"Ta kusa da inji."

Sai ɓarin bakin Yaya mai rai ya fara rawa, kamar dariya kamar wani abu daban. Ya nuna wani fasasshen madubin mota da ke rataye a ƙusa.

"Janye katakan nan, hau da ita kan rami. Ɗauki madubin can ka sa a bayan sansar, ta wajen da ido ba ya kaiwa. Ka gaya min abin da ka gani."

Kaji suka watse. Auta ya sauka ramin, ya kankare bayan sansar da buroshin ƙarfe, ya karkata madubi, ya haska. A daidai inda gindinta ya haɗu da bututu akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, mai santsi, tsatsa ba ta ci shi sosai ba.

"Yaya... kamar walda."

"Walda ce. Ko giwa ka ɗaura wa fayif ɗinka ba za ta kwance ba."

"Wa ya yi mata walda?"

"Wa yake taɓa motar nan ban da ni?" Yaya ya gyara zaman mataccen hannunsa. "Shekara goma sha biyu ke nan. Ranar da za ka kai katakon makarantar nan ta bayan gari, ka tsaya min a ka kana duba agogo, Yaya yi sauri, Yaya yi sauri. Na ɗora ta a karkace, na ja, tiredin ya cinye, haƙoran duk suka tafi. Na aike ka sayo ruwan sanyi, kafin ka dawo na ɗiga mata walda ta baya. Na ce maka ka kawo ta ranar Asabar."

"Ba ka gaya min dalili ba!"

"Makanike ya ce wa mai mota shi ya cinye tiredi? Ko da ƙanensa ne? Asabar ɗin ma ka zo? Ka ga tana tafiya, shi ke nan."

Auta ya jingina da bangon ramin. Tun safe yake yaƙi da tsatsa, ashe tsatsa ba ta da laifi. Sai wani tunani ya soke shi.

"To in tiredin ya cinye, sabuwar a ina za ta kama? Yaya, ko mun cire ta, rami kawai za mu samu!"

"Fito. Duba saman kantar can, bayan tsohon kafireto, akwai gwangwanin madara."

A cikin gwangwanin akwai tsumma mai maiƙo, a cikin tsumman wani noti mai kauri, tiredinsa na ƙyalli kamar jiya aka yanka shi.

"Washegari na saye shi," in ji Yaya. "Mazauninta ne sabo. Yana nan yana jiran Asabar." Ya ɗaga sanda ya daki kwanon rumfar sau uku. "Tartsatsi! Kai Tartsatsi!"

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ta kan katanga, ƙaton mutum mai tumbi, baƙin gilashi a goshi.

"Oga, ƙofar mutane nake haɗawa, da yamma za su zo ɗauka."

"Ƙofa ba ta gudu. Wa ya koya maka riƙe wayar walda? Jawo injinka da girinda."

"A'a, wa nake gani? Auta ne? Ashe ana tuna hanya."

Ƙarfe biyu saura kwata girinda ta fara kuka a cikin ramin. Yaya na sama yana ba da umarni, kamar yana gani ta cikin ƙarfe. Ya sa Auta ya cire kan batir tukuna, don kada wutar walda ta ƙone wa motar ƙwaƙwalwa. Ƙullin waldar ya tafi cikin minti biyar, sansar ta faɗo da kanta a tafin Tartsatsi, baƙa ƙirin, gindinta sumul babu haƙori ko ɗaya. Yanke tsohon mazaunin ne ya ci lokaci, don wurin matsattse ne, girinda ba ta shiga sai a kaikaice. Auta na riƙe da fitila, hasken na yawo, tartsatsi na huda masa riga.

"Riƙe fitilar nan da kyau, ko rawar sanyi kake?" in ji Tartsatsi.

"Ƙarfe nawa?"

"Ka sake tambayata ƙarfe nawa, wallahi in ajiye aikin," in ji Yaya daga sama. "Tambayar nan ce ta kawo mu nan."

Kafin a ɗora sabon notin, Yaya ya sa aka tono wani tsohon filogin inji mai kaurin gindi daga cikin tarkace, aka shafa masa toka da ɗan mai, aka murɗa shi cikin notin. Ya ce haƙorinsu ɗaya da na sansa, shi zai riƙe tiredin kada zafi ya murguɗa shi, ya kuma tare ɓarɓashin walda. Tartsatsi ya sauke gilashinsa. Ramin ya cika da shuɗin haske.

Biyu da minti arba'in aka gama. Notin ya yi ja kamar garwashi. Auta ya ruga ya ɗauko bokitin ruwan kaji, sai sandar Yaya ta tare masa ƙirji.

"Zuba. Zuba ka ji ta ce ƙas, waldar ta tsage, mu koma farko."

"Yaya, lokaci!"

"Ƙarfe ba ya karanta takardar ofis. Zauna."

Ya zauna a bakin ramin, ƙafafu na lilo. Bai taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Yana kallon jan notin yana komawa ruwan toka a hankali, yana lissafin hanya: minti ashirin da biyar in titi a buɗe yake, in an taso daga makaranta kuwa sai abin da Allah Ya yi. Ya tuna 'yan gwangwan, yadda suke fara cire ƙofofi. Ya tuna kansa zaune a gida da rana tsaka, Uwar Biyu na kewaye shi da tsintsiya. Matar Yaya ta fito da man shafawa ta ajiye kusa da shi saboda ƙunar, ta ce, "Ɓataccen ango, sai yau?"

Uku da minti biyar Yaya ya ce a taɓa. Auta ya sa sifana a filogin ya ja. Ya ƙi. Duniya ta yi masa duhu.

"Ya kama! Yaya, shi ma ya kama!"

"Kada ka ja. Ɗaure shi tukuna, kaɗan, kamar kana tsokanarsa. Yauwa. Yanzu kwance."

Filogin ya yi ɗan ƙara, ya juya, ya fito. Auta ya ɓare sabuwar sansar daga leda, ya kai ta bakin notin. Yatsunsa sun kumbura, jini da gumi sun sa suna santsi. Ya murɗa, ta zame. Ya sake, ta shiga rabin zagaye ta cije. Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana.

"Ajiye!" Muryar Yaya ta sa har kaji suka firgita. "A karkace take. Haka na yi. Fito da ita. Tartsatsi, kama ni."

"Oga, ramin nan da zurfi."

"Na san zurfinsa, ni na haƙa shi."

Su biyu suka sauke shi, Tartsatsi ta sama, Auta ta ƙasa, ƙafar da ke ja tana dukan matakala. Auta ya rungume shi ta baya don kada ya faɗi, ya ji yadda yayansa ya zama ƙashi zalla a cikin riga. Yaya ya karɓi sansar da hannun hagu. Bai nemi fitila ba, rufe ido ma ya yi. Ya ɗora ta a bakin notin, ya juya ta baya a hankali, baya, baya, har aka ji wani ɗan ƙit. Sannan ya juya ta gaba da yatsu uku. Ta shige kamar ana zuba mai, zagaye ɗaya, biyu, biyar, har gindi.

"Ashe dai hannu ɗaya..." in ji Tartsatsi daga sama.

"Rufe mana baki. Auta, yanzu sa sifana. Kwata ɗaya, kada ka ƙara. Jona wayar, ka ɗaure ta nesa da salansa."

Uku da minti ashirin da biyu aka mayar da kan batir. Auta ya murɗa makulli. Injin ya kama, wutar gargaɗin ta kawo tare da 'yan'uwanta, suka mutu, ita ta tsaya. Numfashi ɗaya, biyu. Ta mutu. Kafin ya juya, Yaya ya riga ya sa Tartsatsi ya cusa shi a kujerar gefe.

"Ina za ka, Yaya?"

"Kunnena zan kai. Tafi. Ka bar ta a giya uku, ka ba ta wuta, a zafe ake son ta isa."

An taso daga makaranta. A mahaɗar kasuwa wata tirela ta gitta tana neman juyawa, mai tuƙinta kamar yau ya fara koyo. Auta ya danna hon har ya shaƙe. Uku da arba'in da ɗaya. Yaya ya nuna wani lungu da sanda, suka bi ta bayan masu katako, suka faɗa kwata suka fito, madubin gefe ya tafi da igiyar shanyar wani gida. Auta na ta salati a bayyane. Idonsa ɗaya a titi, ɗaya a inda wutar nan take, yana jiran ta dawo.

Huɗu saura minti shida suka iso. Mai gadi ya riga ya jawo ɓari ɗaya na ƙofar. Auta ya cusa hancin motar a ragowar, ya ɗaga takarda ta taga. Mai gadin ya dubi agogo, ya dubi tsofaffin nan biyu, baƙaƙe wuluk da mai, ya matsa gefe.

Ma'aikaciyar nan ce dai. Ta riga ta rataya jakarta. Ta karanta takardar, ta yi tsaki, ta ajiye jakar, ta jawo bututun ta zura a salansa.

"Taka ta, ka riƙe."

Auta ya taka. Daga inda yake yana hango allon na'urar, lambobi suna hawa, da wani jan layi a sama. Ƙafarsa na karkarwa a kan totur, allurar na rawa. Sai ya ji hannun hagun Yaya ya sauka a gwiwarsa ya danne ta, ƙafar ta tsaya cak. Lambobin suka hau, suka hau, suka zo dab da layin har babu wurin zura allura. Suka tsaya. Suka sauko kaɗan.

Na'urar ta turo takarda. Ma'aikaciyar ta leƙa gaban sitiyari, ta buga hatimi, ta manna masa shaida a gilashi.

"Da ƙyar ta sha. Baba, baɗi kada ka kai ranar ƙarshe."

Auta ya fitar da motar ya tsaya a bakin titi, ya kifa goshi a kan sitiyari. Kafaɗunsa na girgiza. Yaya ya bar shi, yana kallon waje, yana sauraren injin. Da aka jima ya ce, "To, ya isa. Kai ni gida, ban sha maganina na rana ba."

Auta ya share fuska da hula, ya sa giya.

"Kuma ka kawo ta ranar Asabar."

"Me kuma ya rage, Yaya?"

"Akwai wani ɗigon waldar da na yi a ƙafar giyabokis. Shi wannan tun kafin a haifi tagwaye."

"Ƙarfe nawa zan zo?"

"Bakwai. Ka bar agogonka a gida."